Na Ji Ƙarar Motar, Malam

Ku masu leƙen wasiƙar mutane ta bayan kafaɗa, tunda kun riga kun leƙo, ku gyara zama in ba ku aiki. Wani baƙo ne, ba shi da ƙafa, ba shi da hannu. Kullum gari ya waye sai ya buga ƙofa a gida ɗaya. Wanda ya san yadda ake sallamarsa bai ji bugun ba, wadda ta ji kuma ta kama bakinta. Ran da ya gaji da bugawa, ran nan ya zaunar da mai gidan. Wane ne? Kada kowa ya yi saurin ba ni gari, an riga an ba ni ɗaya tuntuni, har yau yana hannuna. Ku dai ku bi ni a hankali, amsar tana ƙasa.

Zuwa ga Malam, maigidana, wanda tashar motar Nguru ta sani da Mai Kunne.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa wasiƙar nan ta same ka cikin ni'ima, Ya yalwata maka makwanci. Mu nan lafiya lau, sai gwiwoyina da suka fara yi mini gardama irin taka. Damina ta yi kyau, fadama ta cika, kifi har ya ishi kyanwa. Bishiyar mainar ƙofar gida tana nan, ban bari an sare ta ba, duk da ganyenta da nake shan sharewa da tsintsiya kullum.

Dalilin rubuto maka shi ne, a shekara arba'in da 'yan kai da muka yi tare, na yi maka ƙarya guda ɗaya. To, ban da ƙananan, irin su cewa kyanwa ce ta ɗauke kan kifin da na ajiye maka. Waɗannan ka san su, ka kuma san kyanwar. Babbar nake nufi. Ka yi mini tambaya a ƙofar kicin, na ba ka amsar da ba ita ba ce. Yau nake so in gyara.

Bari in fara da muciyata, don ita ce farkon rigimarmu. Ina amarya, ko wata biyu ban yi ba da kawo ni daga Gashuwa, na ɗora tukunya, ruwa ya tafasa, na nemi muciya sama da ƙasa na rasa. Na leƙa ƙofar gida, sai ga ka ka ɗaga bonet, ka dasa kan muciyar a jikin inji, gindinta kuma ka manna a ƙashin bayan kunnenka, ido a rufe kamar mai sauraren wa'azi. Na ce ashe motar ma tuwo take ci. Ka ɗaga mini hannu ka ce, "Yi shiru, 'yar masunta, tana magana."

Daga ranar muciyar ta tashi daga hannuna. Na sayo wata na ce mu yi musanya, ka gwada ta ka ce itacenta ya yi laushi, ba ta ɗauko magana. Waccan ta aduwa ce, mahaifiyata ta sa mini a cikin kaya. Da ita ka yi suna. Direba ne kai, Nguru zuwa Gashuwa, Gashuwa zuwa Nguru, amma mutane daga Dapchi, daga Kumagannam, sukan kawo motocinsu ƙofar gidanmu don kawai ka saurara kafin su kai wa bakanike. Ni kuwa ina kai ruwa da fura zaure, ina dawowa a hankali, kunnena a baya.

Har yau zan iya maimaita maka karatunka. Kakan ce, "Ƙarar sama siririya ce, cak-cak-cak, kamar kaza na tsattsagar faranti. Ta ƙasa mai nauyi ce, dum-dum, kamar ana daka a gidan maƙwabta." Kakan ce, "Kafin ka zargi cikin inji, shuri salansa, bututun hayaƙi, da ƙafa tukuna, sau da yawa noti ne ya kwance yake tsorata mutum." Kakan ce, "Wadda ta zo da safe ta tafi da zarar mota ta ɗan yi aiki, yunwar baƙin mai ce, a nemo abin da ya hana shi hawa." Sai ta ƙarshe, wadda kake ɗaga yatsa in za ka faɗa: "Wadda ke bin totur, ka taka ta ƙaru, ka saki ta ragu, kashe motar nan take ka nemi igiya."

In na sa baki, sai ka ce kunnen 'yar masunta motsin tarwaɗa a taɓo kaɗai ya sani. Ni kuma in ce kunnen direba yana jin noti a cikin ƙarfe, amma ba ya jin an ce gishiri ya ƙare. Haka muka tsufa muna jifan juna, ba wanda ya taɓa yarda an kayar da shi.

Ka tuna jar fitilar nan ta gaban sitiyari, mai nuna cewa mai bai hau ba? Ta mutu tun yaranmu suna ƙanana. Abokinka Malam Bukar, bakaniken nan na Gashuwa, ya yi ta binka ya sa maka wata. Ka ce masa fitila don kurame aka yi ta. Aka yi dariya, ni ma na yi.

Shekarar da abin ya faru, da kaka ne, ana yankan gero. Ka dawo daga Gashuwa ka ce ka juye baƙin mai, ka sa sabuwar filta, gwangwanin nan da ke tace man. Shagon da ka saba ka tarar a rufe, mai shi ya tafi jana'iza, sai ka saya a wurin wani mai tebur a bakin titi. Ka ce kwalinta ma ya fi kyau.

Washegari bayan asuba ina kan tabarma a tsakar gida, carbi a hannu. Ka shiga mota ka murza makulli. Dum, dum, dum, dum, dum, sai ta lafa, injin ya koma muryarsa. Yatsana yana kan carbi, don haka na san ƙwaya biyar ta ci. Na zuba ido in ga ka diro ka ɗauko muciya. Sai ka sa giya, ka yi baya, ka ɗaga mini hannu ka fice.

Wallahi, Malam, dariya na yi. Na ce yau Allah Ya kama mini Mai Kunne. Na ƙulla a raina ba zan ce komai ba, sai ran da ka gano da kanka ka fara cika baki, sannan in ce, ai 'yar masunta ta ji tun ran kaza. Har na tanadi yadda zan karkata ɗankwali in na tashi faɗa.

Kwana uku, ƙwaya shida. Mako guda, ƙwaya tara. Kai kuwa kullum sai ɗaga hannu.

A nan ne na fara zargin ba lafiya ba. Ran nan kana cin burabusko da miyar kuka, ka ba ni baya, na tsaya a bayanka na ce, Malam, na sayar da motarka na sayi akuya. Ka kai loma. Na ƙara murya na ce, miyar nan da sabulu na kaɗa ta. Ka ƙara loma. Sai da inuwata ta faɗo kan kwanon ka juyo, ka dubi bakina, ka yi murmushi ka ce, "Haka ne."

Na koma kicin na zauna a kan turmi. Abubuwa suka yi ta dawo mini ɗaya bayan ɗaya. Rediyon da ka koma mannawa a kunci. Yadda ka daina zama gefen mutum, sai dai gabansa. Yadda aka ce a masallaci ka koma sahun farko, daidai bayan liman, har ana yabonka. Da wannan "haka ne" da ta zama amsar kowace magana. Ashe ka daɗe kana ɗauke da abin kai kaɗai, ni da nake taƙamar ba abin da ke wuce ni a gidan nan ban lura ba.

Wasa ya ƙare ranar, tsoro ya karɓa. In na ce maka motar tana ƙara da safe, na ce maka ke nan ba ka ji. In na ce ba ka ji, me ya rage na Mai Kunne? Ba ka da gona, ba ka da shago, ba ka yi karatu mai nisa ba. Sunan nan shi ne abin da kake fita da shi kullum. Kuma daga bakin wa za ka ji? Daga bakin wadda ta shekara arba'in tana neman ta kayar da kai. Na ji tsoron ka ɗauka tsokana ce, na fi jin tsoron ka gane ba tsokana ba ce.

Sai na bi ta bayan gida. Na tsaya gabanka sosai, na buɗe baki da kyau na ce, ka duba baƙin mai kuwa? Ka yi dariya, ka ja ni har gaban mota, ka zaro geji, siririn ƙarfen nan na awon mai, ka goge da tsumma, ka mayar, ka sake zarowa ka kai mini har hanci. Ka ce, "Ga shi nan cike, 'yar masunta. Koma wa tukunyarki." Na koma. Na ce wa kaina tunda mai yana nan, ba komai. Ina so ne ya zama ba komai. Washegari ƙwaya goma sha huɗu.

Dabarata ta biyu ita ce ta fi ba ni kunya. Wata ranar Juma'a da la'asar jikoki sun taru, kana zaune a gefen tabarma kana gyaran takalminka. Na juyo na fuskance ka, na ɗaga murya kamar da yaran nake, na yi musu kacici-kacicin baƙon nan mai buga ƙofa. A lokacin ba ta da jelar nan ta ƙarshe, daga baya na ƙara. Wannan ya ce zakara, wannan ya ce mai tallan koko. Kai kana ta kallon bakina, ka gane yawancinta, ka yi tunani, ka girgiza kai ka ce, "Na ba ki Gashuwa, da kifinta da surutunta."

Ka san doka. Wanda aka ba gari, sai ya faɗi amsa. Na karɓi garin, na buɗe baki, na dubi fuskarka kana murmushi kana jira. Sai na ce wake zai ƙone, na tashi. Ba wake a kan wuta ranar, Malam. Yaran suka bi ni da ihun an yi musu zamba.

Safiyar ƙarshe ranar kasuwar Jajimaji ce. Ka murza makulli, na fara ja. Goma. Ashirin. Na kai talatin da uku, na tsallake shedar carbin, ba ta daina ba. Muryarta ma ta sauka ƙasa, ta yi kauri. Da ka taka don ka yi baya, ta ƙaru. Da ka saki, ta ragu. Karatunka ne, na haddace shi, na san abin da ke biye: kashe motar, nemi igiya. Na tashi da sauri har carbin ya faɗi, na fito ƙofar gida na ɗaga hannu. Ka hango ni ta madubi, ka ɗauka sallama nake maka, ka danna hon. Hannuna yana sama. Abin da ya rage kawai in bi ka da gudu in bugi motar. Sai na kaɗa hannun. Na yi maka sallamar.

Sauran a bakin mutane na ji. Ka ɗauki mata 'yan kasuwa da kwandunan bandar kifi. Kun wuce Jajimaji kaɗan injin ya buga, mota ta tsaya cik a tsakiyar titi, hayaƙi na fita. Allah Ya kiyaye, ba wanda ya ji ciwo. Amma a cikin matan akwai wata mai baki, ta isa tashar Gashuwa a wata motar ta tsaya tsakiyar direbobi ta ce, "Tun daga Nguru ake daka a ƙarƙashinmu! Muna ce masa, direba, ka ji fa, yana ce mana amin, amin!" Kafin la'asar maganar ta riga ka isowa gida. Aka jawo motar da igiya, kana zaune a ciki kana riƙe da sitiyari, aka bi da kai ta gaban tasha, don ba wata hanya. Har aka shekara, in yaran direbobi za su tsokani juna, sai ɗaya ya yi magana ɗaya ya ce amin, amin.

Kwana uku bayan nan Malam Bukar ya zo, bayan ya buɗe injin. Ya shigo zaure da filtar a hannu. Da yake yanzu kowa ya sani, da ƙarfi ya yi maka magana, har kicin ina ji. Ya ce a cikin filta ta kirki akwai wata 'yar roba da ke riƙe mai kada ya gangara ƙasa in mota ta kwana. Wannan robarta ba ta riƙe komai. Kullum da safe injin a bushe yake tashi, ƙarfe na cin ƙarfe kafin man ya hau, yau kaɗan gobe kaɗan, har abin da ke tsakaninsu ya cinye. Ya ce shi ya sa geji yake nuna cike, man yana nan, a ƙasa yake kwance. Sannan ya faɗi maganar da har yau nake ji in na ɗora tukunya: "Da a makon farko aka kawo ta, gwangwanin nan kaɗai za a canza."

Da ya tafi ka zo ƙofar kicin da muciyar a hannu. Ka miƙo mini. Ta yi baƙi da mai, gindinta ya yi santsi da shekarun da ta yi a bayan kunnenka. Ka kira ni da sunana, abin da rabonka da yi tun kafin mu aurar da 'yarmu ta fari. Ka ce, "Fanta, ke kin ji?"

Na ɗago fuska don ka ga bakina sosai, na ce, ni ina na san mota, Malam?

Ka daɗe kana kallona. Ka ce, "Haka ne." Ka juya.

Ba ka ƙara riƙe sitiyari ba. Damina uku ka yi a gindin maina. In wani ya yi kuskure ya kawo mota, sai ka ce ya kai wa yara. Na yi ta tsokanarka ko za ka rama, ka daina ramawa. Na fi son ka ce mini 'yar masunta sau dubu da wannan ladabin da ka koma yi mini. Motar kuwa muka tura ta lungu muka rufe da zana, kaji suka mayar da kujerar baya wurin ƙwai.

To, ga abin da ya sa na ɗauko biro.

Abba jikanmu mai sunanka, wanda ya ce zakara a ranar kacici-kacicin, yanzu ya zama mutum, har da gemu, wai shi ma a ce masa Malam. Bara ya kori kajin, ya sa wa motar wani inji na hannu, ya koma hanyarka, yana ɗaukar kifi da albasa. Ni nakan ce masa maigidan ƙarya, mijin da ba ya cefane. Shi kuma ya ce ya gaji tsohuwa mai cin goro ba haƙori, ba a tambaye shi ba.

Makon jiya ina kan tabarmata, ya murza makulli. Dum, dum, dum, dum. Ƙwaya huɗu.

Ban san ina da sauran ƙarfi haka ba. Na mirgino turmi har bakin ƙofa na zauna a kai. Ya leƙo ta taga ya ce, "Hajja, don Allah tashi, fasinja na jira. In ta yi zafi dainawa take yi." Na ce ko ka taka ni, ko ka ɗaga bonet. Ya ce, "Tsohuwa, yaushe kika zama bakanike? Ko a mafarki Malam ya ba ki takarda?" Na ce shekara arba'in ina kai ruwa zaure, kai a tsammaninka randa ce ni? Na miƙa hannu na zare makullin na ƙulle a bakin zani. Ya yi fushi, ya ce na kashe masa rana, ya ƙi cin kokona. Na ce rana ɗaya ce, na san wanda aka kashe wa shekara uku.

Muka bi karatunka baki da baki. Ya zaro geji, mai cike. Na sa ya murza man tsakanin yatsu a rana mu ga ko akwai ƙyalƙyalin garin ƙarfe, babu, na yi hamdala. Ya shuri salansa, ba ta motsa ba. Ya sake tayar da ita bayan ɗan lokaci, shiru, ba ƙara. Ya taka totur ya saki, ba abin da ya bi shi. Na ce to, ba ta kai ga igiya ba, yunwar safe ce. A bar ta ta kwana, gobe mu kama baƙon da hannu.

Da asuba na ciro muciyar daga ƙarƙashin gado. Ban taɓa tuƙa tuwo da ita ba tun da ka mayar mini. Abba ya nuna mini inda zan dasa ta, can ƙasa kusa da filta, yana ta gargaɗin in janye gyalena daga fanka. Na manna gindinta a ƙashin bayan kunnena yadda kake yi. Ɗankwalina ya danne kunnen gam, ɗayan kuma na toshe shi da yatsa, don injin markaɗen maƙwabta ya riga ya tashi. Kunnuwana biyu a rufe, ko muryar Abba ba na ji. Na gyaɗa masa kai, ya murza.

Malam, ta shigo. Ba ta kunne ta biyo ba, ta ƙashi ta biyo, har cikin haƙoran nan biyu da suka rage mini. Dum, dum, dum, dum, dum, sarai kamar a cikin kaina ake dakan.

Na zauna a ƙasa a wurin. Abba ya kashe mota ya fito a guje, ya ɗauka fanka ce ta kama ni. Ba abin da ya kama ni. Gane abin na yi. Shi ya sa har watan ƙarshe kana faɗa wa mutane ciwon motocinsu daidai, ba wanda ya zarge ka. Da muciya kana ji. Motarka ce kaɗai ta gagare ka, don ita da safe take magana, kai kuma da safe kana kan kujera, hannunka a makulli, kafin ka sauko ta yi shiru. Aikin na mutum biyu ne, ɗaya ya murza, ɗaya ya riƙe muciya. Kuma mu biyu ne a gidan.

Da a ce na ce maka, Malam, yau koya mini murza makulli, kai ka riƙe muciyarka mu ga. Shi ke nan fa. Da ka yi mini dariya, ka ce 'yar masunta za ta karya maka makulli, ka ba ni. Da ka ji ta da kanka, ka juyo kana cika baki cewa kai ka gano. Ko kalmar kurumta ba sai ta fito daga bakin kowa ba. Ni da na iya ƙulla dabarar satar kan kifi, na kasa ƙulla wannan. Na tsaya ina auna wanda zai ci wasa, daga baya ina auna wanda zai ji kunya, motar kuwa tana cin kanta a gabana.

Muka bar ta har la'asar ba a taɓa ba, sannan Abba ya kwance filtar. Ba nauyi, da ƙyar ta ɗiga, man duk ya gangare. Ya dube ni, ya dubi gwangwanin, ya sosa gemu. Washegari ya hau motar wani ya tafi Gashuwa wurin Malam Bukar. Yana nan da rai, ya tsufa tukuf, a kujera yake zaune yana nuna wa mutanensa aiki da sanda. Shi ya zaɓo filta da hannunsa, ya ce a juye tsohon mai duka, a shafa wa robar bakin sabuwar mai kaɗan, a ɗaure ta da hannu ba da ƙarfin sifana ba. Ya kuma ba da saƙo a kawo mini: "A gaya wa Hajja, ashe ba a binne kunnen duka ba." Yabo yake nufi, bawan Allah. Bai san abin da ya taɓa ba.

Na sa Abba ya gyara jar fitilar nan ma. Ka yi haƙuri, na san ra'ayinka a kanta.

Jiya da asuba na zauna, yatsana a kan ƙwayar farko. Ya murza. Injin ya tashi sumul. Na jira, na jira, yatsana bai motsa ba. Abba ya leƙo ta taga ya ce, "Amarya, a kawo miki me daga Gashuwa?" Na ce ya kawo mini kan kifi, kyanwa ta daɗe ba ta ci ba. Ya danna hon, na ɗaga masa hannu. Wannan karon sallama ce ta gaskiya.

To, Malam, ga gyaran amsata. Na ji. Tun safiyar farko na ji, ƙwaya biyar. Na ji kullum har ranar Jajimaji, kuma hannun da na ɗaga a ƙofar gida ba na sallama ba ne. "Haka ne" ita ce amsar da kake ba mutane in ba ka ji su ba. Har yau ban sani ba, ranar a ƙofar kicin ba ka gane abin da bakina ya faɗa ba ne, ko kuwa ka gane sarai, ka san ƙarya ce, ka rufa mini asiri ka tafi da abinka. In na biyun ne, to ka kayar da ni a wasan ƙarshe, na yarda, a gaban duk masu leƙen nan.

Ka yafe mini, mijina. Allah Ya gafarta maka, Ya yi maka rahama, Ya mayar maka da jinka fiye da na da, Ya sa abin da za ka fara ji ya zama sallamar mala'iku. Allah Ya tsare Abba a kan hanyar nan, Ya ba shi mai faɗa masa gaskiya da wuri. Ni kuma in tawa ta zo, Allah Ya sa in cika da imani, Ya haɗa mu inda ba a ɓoye wa juna komai. Muciyar tana wurina, na ce a ba Abba bayana.

Taka har kullum,
Fanta, 'yar masunta.

Ka ba ni Gashuwa tuntuni, ga amsarka. Baƙon, ƙarar inji ce da safe. Filta marar kyau ce take barin baƙin mai ya gangara ƙasa in mota ta kwana, inji ya tashi a bushe, ƙarfe ya bugi ƙarfe har man ya hau. Filtar ake canzawa.